Baba Kacau da Madanni Na Biyar

Ranar da Gwaggo ta fara aikin shara a jami'a, wata biyar bayan rasuwar maigidanta, ba tsintsiya ce ta dame ta ba, ba kuma doguwar barandar nan da ba ta ƙarewa ba. Azahar ce ta yi, ta rasa inda za ta yi salla. Masallaci yana can ƙarshen makaranta, zuwa da dawowa sai su cinye hutun gaba ɗaya, ga bokiti da mofar goge ƙasa ba ta san wa za ta bar wa ba. Tana tsaye a gindin matakalar bene tana waige-waige, sai ta ji kacau, kacau, kacau yana matsowa. Wani gajeren dattijo ne ya rataya zoben makullai a ƙugu, nauyinsu har ya karkatar da shi gefe guda kamar kwale-kwalen da aka yi wa lodi a ɓangare ɗaya.

Bai tambaye ta komai ba. Ya dubi butar da ke hannunta, ya lalubo makulli ba tare da ya sunkuyar da kai ba, ya buɗe wata 'yar ƙofa a ƙarƙashin matakalar. Wuri ne da ake jibge karyayyun kujeru. Ya fitar da uku, ya tura sauran gefe, ya nuna bango.

"Alƙibla nan take, ki ɗan karkata hagu. Bokitinki ma ya samu ɗaki."

Ya zare makullin daga zobe, ya ciro ɗan magagari daga aljihu, ya yi masa tsaga biyu a ka, ya miƙa mata.

"In kin ji biyu a yatsa, naki ne. Ido yakan yi ƙarya, yatsa ba ya yi."

Kafin ta gama haɗa godiya ya riga ya sha kwana, sai kacau ɗinsa da ya rage a baranda.

Baba Kacau ke nan. Yana da suna na yanka kamar kowa, amma ko a ofishin ma'aikata in ka faɗe shi sai an yi ta bincike kafin a gane wa kake nufi. Lebura ne ya zo lokacin da ake gina benen azuzuwa, yana ɗaukar bulo a ka. Ranar da aka gama gini, ɗan kwangila ya miƙa wa shugaban makaranta na lokacin zoben makullai. Shugaba yana so ya tafa, ga makullai sun cika masa hannu, sai ya juya ya ga wani lebura a kusa, ya ce, "Riƙe mini." To, bai dawo ya karɓa ba. Shekara talatin da uku Baba yana riƙe masa.

Ƙofa sittin da huɗu yake buɗewa kullum kafin bakwai na safe, kuma kowace ya san halinta kamar 'ya'yan cikinsa. Ta sha bakwai sai an ɗaga ta da gwiwa. Ta talatin sai ka yi kamar za ka kulle ta sannan take buɗewa, shi ya sa yake kiranta surukarsa. Babu makullin da bai yi wa alama ba: wani tsaga, wani ƙullin zare, wani ɗan guntun roba. Ɗalibai kan ce ba agogo ke fara darasi a benen nan ba, ƙugun Baba ne. 'Yarsa ta uku ma a nan ta yi karatu, shekara huɗu yana buɗe mata ƙofa bai taɓa nuna ya san ta ba don kada ta ji kunya, ita kuwa tana biye da shi a baranda gaban ƙawayenta tana cewa, "Baba, ka dai ci abinci?"

Waya kuwa bai taɓa riƙewa ba. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta ce asara ce, domin in ta kira shi daga tsakar gida, ko yana hawa na uku yana ji. Waɗanda suka san muryar Inna ba su musa ba.

Gwaggo mace ce marar yawan magana, amma idonta ba ya hutu. Ita ce ta fara lura. Wata safiya ta jingine mofa a bango, ta rataya tsumma a kan mofar, ta je ɗebo ruwa. Tana dawowa ta tarar da Baba a gaban mofar.

"Ina kwana, Gwaggon yara?"

Mofa ta yi shiru.

"Yau kuma gaisuwar ma ba a amsawa? To, Allah ya ba da haƙuri, in wani laifi na yi."

Gwaggo ta maƙale a bayan ginshiƙi, ta toshe baki da mayafi, dariya na cinta, sai kuma dariyar ta ɗauke. Daga ranar ta sa ido. Ta ga yana shafa bango in zai hau bene. Ta ga yana tsayawa gaban allon sanarwa, inda ake manna takardar da ke nuna ɗakunan da za a buɗe na musamman a ranar, yana matsawa har hancinsa na taɓa gilashi, sannan ya ja da baya yana tsaki wai rubutun yaran zamani kamar tafiyar tururuwa.

Ta san abin da yake tsoro, domin duk ƙananan ma'aikata sun san labarin wani mai gadi da aka ce idonsa ya yi rauni, aka ba shi takarda ya tafi gida. Baba saura shekara biyu ya cika talatin da biyar. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya sha faɗa: ya miƙa zoben nan da hannunsa ranar da wa'adinsa ya cika, ba wai a kwance masa shi daga ƙugu a ce ya gaza ba.

Karatun Gwaggo bai yi nisa ba, amma tana haɗa baƙi, kuma lamba ba ta ɓace mata. Sai ta ƙirƙiro wa kanta sabon hali. Kullum da safe takan tsaya goge gilashin allon, tana karantawa a fili, a hankali, kamar mai koyo: "Ɗaki na tara, ƙarfe takwas. Babban zaure, ƙarfe goma." Shi kuma Baba, kullum a daidai wurin nan igiyar takalminsa take kwancewa. Yakan durƙusa yana ɗaurewa har ta kai ƙarshen takarda, sannan ya miƙe ya ce, "Gwaggo, karatu sai gaba yake yi." Ta ce, "Muna dai taɓawa, Baba." Takalmin nasa ba shi da igiya. Wata ashirin suka yi a haka, babu wanda ya ce wa wani uffan.

Sai ga sanarwa, ta ƙarshe da aka manna a allon, domin ita ce ta ce an daina manna takarda. Jami'a za ta raba wa ƙananan ma'aikata wayoyin hannu. Ta nan za a riƙa turo wa kowa aikinsa na ranar, ta nan kuma zai amsa cewa ya yi. An kafa kwamiti da zai zaɓi irin wayar da za a saya. Don a ji ra'ayin ma'aikata, an ce kowa ya cike fom, fom ɗin kuwa za a turo shi ne ta waya. Mai ban ruwan fulawa ya tambaya, wace wayar? Aka ce wadda za a raba. Ya ce yaushe za a raba? Aka ce bayan an cike fom.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai aka ce ma'aikata su turo wakili guda. Kowa ya nuna Baba, tunda shi ne ya fi daɗewa. Gwaggo ta dube shi lokacin da ake tafi. Murmushi yake, amma hannunsa ya damƙe zoben makullai har ko kacau ɗaya bai fita ba.

Kwamitin mutum huɗu ne. Akwai Farfesa, shugaban kwamitin, dogo mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, kullum yana neman na ukun. Akwai Magatakarda, mace mai tsari, wadda ko atishawa ka yi a taro sai ta rubuta. Akwai Injiniya mai kula da na'urori, mutumin kirki amma mai saurin baki, in yana bayani sai ka rantse ana binsa da gudu. Sai Baba. Gwaggo ba ta cikin kwamiti, ita ce dai mai goge teburi da kawo ruwan sha, kuma mai kawo ruwa ba a korarta, ba a ma ganinta.

Waya uku Injiniya ya jera a kan teburi. Ta farko siririya, gilashi tun daga sama har ƙasa, tana sheƙi, ba ta da ko madanni ɗaya a fuska. Ta biyu faffaɗa, sai da hannu biyu. Ta uku gajeriya mai kauri, jikinta roba, da madannai manya-manya kamar haƙoran jaki, kuma in an danna wani a gefe tana karanta saƙo da murya. Kafin yamma ma'aikata sun raɗa musu suna: Amarya, Faranti, da Kunkuru.

Farfesa ya ɗauki Amarya yana juyawa. "Wannan ita ce ta dace da martabar jami'a."

Magatakarda ta ce ita Faranti take so, domin fom yana fitowa gaba ɗayansa, ba sai an yi ta jan sa ba.

Kunkuru babu wanda ya taɓa. Injiniya ya ce ya kawo ta ne kawai don doka ta ce a kawo uku.

"Baba, gwada mana," in ji Farfesa, ya miƙa masa Amarya.

Baba ya karɓa da hannu biyu kamar an miƙo masa jariri. Ya shafa gaba, sumul. Ya shafa baya, sumul. Yatsan da ya san makulli sittin da huɗu ya rasa ko abin kamawa. Ya ɗaga ta kusa da fuska yana neman inda rubutu yake, sai aka ji ƙyas. Kafin a ce me, wayoyin sauran ukun suka yi ƙara lokaci guda. Magatakarda ta duba tata, ta ajiye biro. Hoton ƙofofin hancin Baba ne, manya, a fili, har da furfurar ciki.

"Ka gani!" in ji Injiniya da murna. "Ko koya masa ba a yi ba, ya tura hoto."

"Allah ya sa dai na fito da kyau," in ji Baba.

Da aka tashi, Gwaggo na tattara kofuna, ta ga ya tsaya a baya. Ya miƙa hannu ya lalubo Kunkuru, ya bi madannanta da babban yatsa, layi-layi. Da ya zo tsakiya sai yatsan ya tsaya. Ya koma, ya sake dawowa.

"Gwaggo, wannan na tsakiyar, nawa ne?"

"Biyar."

"Akwai ɗan ƙurji a kansa."

Ta taɓa, ta ji ɗan tudu kamar ƙwayar yashi.

"Wanda ya ƙera wannan ya taɓa riƙe makulli," in ji Baba. "In ka san biyar, ka san sauran. Sama biyu, ƙasa takwas." Ya ajiye ta a hankali. "Sai dai mummuna ce. Mummuna ba ta cin zaɓe."

Aka ba ma'aikata mako guda su gwada duka ukun. Makon nan an sha kallo.

Amarya ta fara zuwa hannun masu shara. Gwaggo ta taɓa ta da jiƙaƙƙen yatsa, ta ƙi motsi. Ta goge a zani, ta sake, ta buɗe wani abu daban. Abokiyar aikinta ta gwada da safar hannu ta roba, Amarya ta yi kamar ba da ita ake ba. Mai ban ruwa ya fita da ita rana, ya ce ba ya ganin komai sai fuskarsa, kuma ya daɗe da sanin fuskarsa. Baba ya sa ta a aljihu ɗaya da makullai na rabin yini, ta fito kamar kyanwa ta yi wasa da ita.

Faranti ba ta shiga aljihun kowa ba. Mai gadin ƙofa ya yi fifita da ita har azahar, daga nan ya ɗora kofin shayinsa a kai, ya ce gaskiya tana da amfani. Mai gyaran famfo ya soke ta a wando ta baya, ya manta ya zauna. Ba ta fashe ba, amma daga ranar ta ɗan lanƙwasa, in an ajiye ta a teburi sai ta riƙa lilo.

Kunkuru kuwa ta faɗa bokitin Gwaggo, aka tsamo ta tana magana. Ta faɗo daga hawa na biyu, ta yi tsalle sau uku, ta ci gaba da magana. Muryarta kamar ta mace mai mura, amma lamba tana fita tsaf. Ranar da ta zo hannun Baba, Gwaggo ta hango shi a lungun bene ya manna ta a kunne, tana ce masa ɗaki na tara ƙarfe takwas, shi kuma yana amsawa, "To, na ji, Allah ya yi albarka." Ranar igiyar takalminsa ba ta kwance ba.

Ma'aikata suka ce Kunkuru. Baba ya kai saƙo. Injiniya ya ce ai rashin sabo ne, da horo na kwana biyu kowa zai iya Amarya. Magatakarda ta ce ra'ayin baki ba ya shiga fayil, sai na fom.

Ranar taron ƙarshe Gwaggo ta yi azahar a ɗakinta na ƙarƙashin bene, ta daɗe a zaune bayan sallama. Ba ta roƙi Allah ya ba Kunkuru nasara ba, ta ji kunyar kai maganar waya gaban Ubangiji. Ta dai ce ya rufa wa bawansa asiri yadda ya ga ya fi.

Aka zauna. Magatakarda ta janye Faranti tun da ta ga tana lilo. Farfesa ya ce to, da alama an gama, Amarya ce. Sai Baba ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, ina da 'yar magana. Ku da busasshen hannu kuka gwada, a zaune, a inuwa. Mu kuwa ba mu da busasshen hannu sai ranar hutu. In ba raini, a gwada irin namu. Gwaggo, taimaka da bokiti."

Farfesa mutum ne mai son a ce yana da sauƙin kai. Ya naɗe hannun riga, ya tsoma dama a ruwa. Baba ya kwance zoben makullai ya rataya masa a hagu, hannun ya yi ƙasa kamar an ja shi.

"Wannan duk kullum?"

"Wannan rabi ne, ranka ya daɗe, na bar na bene a aljihu. Injiniya, kira shi."

Amarya ta fara kuka. Farfesa ya shafa, ta ƙi. Ya sake shafawa, ta ƙi. Ya gwada da gwiwar hannu, ya gwada da haɓa, tabarau na goshi ya zamo ya haɗu da na ido. Daga ƙarshe ta suɓuce, ta bi teburi da gudu, Magatakarda ta tare ta da fayil. Gwaggo ta kafa ido a kan silin tana istigfari don kada dariya ta kuɓuce mata.

Har Baba ya fara sakin jiki. Amma Injiniya bai ga abin dariya ba, kuma ba da mugunta ya yi ba, shi dai yana so a gane sauƙin abin.

"Wannan ai ba matsala ba ce, tawul za a raba. Baba, ga tawul, goge hannunka. Yauwa. Ga shi na turo maka saƙo. Karanta mana kawai, su ga ba wuya."

Baba ya riƙe Amarya. Gwaggo ta sure jug ɗin ruwa ta zagaya bayansa, wai za ta ƙara masa, kofinsa kuwa cike yake. Ta leƙa. Rubutun ƙanana ne, hasken taga ya faɗa a kan gilashin, ita kuma ba mai karatu da sauri ba ce. Ta kama harafin farko ke nan Magatakarda ta ce, "Gwaggo, nan ne babu ruwa."

Baba ya gyara murya. Ya san irin saƙon da ake turowa, sai ya yi shahada.

"An ce, ɗaki na sha biyu, ƙarfe tara."

Injiniya ya dubi tasa wayar. A hankali ya ce, "Baba, barka da yamma na rubuta."

Babu wanda ya yi dariya. Baba ya ajiye wayar, ya gyara ta ta daidaita da bakin teburi.

"Barka kadai, ɗana," ya ce. Sannan ya juya wajen da yake jin numfashin Farfesa. "Ranka ya daɗe, ba na gani. Ina ganin mutum kamar itace a hazo, rubutu kuwa sam. Ya kusa shekara biyu. Na ɓoye ne don kada a karɓe makullan nan kafin lokaci. Laifina ne ni kaɗai, ba wanda ya sani."

Gwaggo ta ji ƙaryar nan ta ƙarshe, ta san don ita aka yi, ta sunkuyar da kai.

Farfesa ya cire tabarau ɗaya, ya cire ɗayan. "Shekara biyu. Magatakarda, a shekara biyun nan ƙorafi nawa aka kawo kan ƙofar da ba a buɗe a kan lokaci ba?"

Magatakarda ba ta amsa da ka ba. Ta buɗe fayil, ta lashi yatsa, ta bi shafi-shafi. "Fanka, goma sha ɗaya. Ban ɗaki, ashirin da shida. Malamin da bai zo ba, wannan fayil ɗinsa daban ne. Ƙofa, babu."

"Ba ni makullin ɗaki na arba'in da ɗaya," in ji Farfesa.

Baba ya karɓi zobensa, yatsu suka yi tafiya, ya miƙa. Aka ce na bakwai, ya miƙa. Aka ce na ofishin Farfesa, ya miƙa, ya ƙara da cewa kwadon yana son mai, ya faɗa tun bara.

Daidai nan wata irin ƙara ta tashi, tsohuwar ƙara mai kama da kukan gyare. Ba daga teburi ba, daga aljihun Farfesa. Ya yi kamar bai ji ba. Ta ƙi dainawa. Dole ya zura jiƙaƙƙen hannunsa ya zaro wata tsohuwar waya mai madannai, lambobinta duk sun goge, an ɗaure bayanta da robar ɗaure takarda. Ko kallonta bai yi ba, babban yatsa ya danna, ya ce, "Ina taro," ya kashe.

Injiniya ya dubi wayar, ya dubi babbar mai sheƙi da Farfesa ke ajiyewa a gabansa kowane zama.

"Waccan ta taro ce," in ji Farfesa, yana mayar da tsohuwar aljihu. "Wannan ta kira ce. Magatakarda, wannan kada ki rubuta."

Ta riga ta rubuta.

Sai aka zo maganar doka. Magatakarda ta ciro littafin, ta karanta sashen da kowa ke tsoro amma babu wanda ya taɓa gani da ido. Layin farko ya ce ma'aikacin da lafiyarsa ta gaza za a iya sallamarsa. Layi na biyu ya ce ba za a yi haka ba sai an tura shi asibitin makaranta, likita ya tabbatar abin ba ya gyaruwa.

"To mai gadin nan fa da aka kora?" in ji Baba.

"Shi barci aka kama shi yana yi, sau tara," in ji Magatakarda. "Shi ya ce muku ido ne."

Aka yanke shawara: masu aikin ofis su ɗauki Amarya, masu aikin hannu Kunkuru. Baba kuma gobe asibiti, in likita ya ce babu gyara, to babu yadda za a yi. Baba ya ce ya yarda, Allah ne mai yi.

Likita ya ce yanar ido ce, kuma an bar ta ta yi kauri don taurin kai. Aka yi aikin ido ɗaya, bayan wata biyu aka yi ɗayan. Ranar da ya dawo bakin aiki babu wanda ya tsira. Ya ce ashe bangon baranda kore ne, wa ya zaɓi wannan launi? Ya dubi Farfesa ya ce, ranka ya daɗe, yaushe gashin ya tafi ba sallama? A gida, in ji 'yarsa, ya ƙura wa Inna ido ya ce ashe haka muka tsufa, Inna ta ce kai dai ka tsufa, kuma an ji amsar har bakin titi. Ya tsaya gaban mofar Gwaggo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Gaskiya ba ku yi kama ba. Ita ta fi ki surutu."

Ya cika shekararsa talatin da biyar daidai. Ranar sallama aka taru a babban zaure, ya kwance zoben da hannunsa, ya miƙa wa shugaban makaranta na yanzu, ya ce, "Ga ajiyarku. An ce in riƙe, na riƙe." Shugaba ya karɓa, yana so ya tafa, ya juya yana neman wanda zai ba. Duk ƙananan ma'aikata suka ja da baya.

Har yau Gwaggo na salla a ƙarƙashin bene, makullinta mai tsaga biyu yana ɗaure a bakin mayafi. In Kunkurunta ta yi ƙara a aljihu, takan tuna ranar da aka raba wayoyin, ana jibi za a yi masa aikin farko, lokacin da babu wanda ya san ko idon zai dawo. Injiniya ya nuna musu cewa kowane madanni ana iya ɗaura masa lambar mutum guda, in ka danne shi ya daɗe sai ya kira. Baba ya same ta a gindin matakala, ya tsaya nesa kaɗan yadda ya saba, yana juya wayar a hannu.

"Gwaggon yara, na sa ofis a ɗaya, na sa 'yata a biyu. Inna ta ce kada a sa ta, ita za ta neme ni." Babban yatsansa na kan ɗan ƙurjin nan. "In ba damuwa, ki ba Injiniya lambarki ya sa mini a biyar. Ko idon ya dawo ko bai dawo ba, shi ne wanda yatsana ba ya ɓacewa."